Ranar da Na Ɓace a Batawi da Ɗiyar Mutane a Bayana

Shekarun baya ne da yawa, tun Nasara ba su taka ƙasar Tasawa ba, tun ƙafata na kai ni inda na so. Ni ban san baƙi ba balle wasali. Malamin maƙwabtanmu ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗi, kuma na ce mashi kada ya gyara mani magana. Matan unguwa sun sha jin guntun labarin nan a bakin maigidana, Allah ya jiƙansa, shi kuwa bai taɓa ba da shi ba sai ya ƙara gishiri. Yau ga shi daga bakin wadda abin ya samu.

Da ƙafa muka tafi aikin hajji ni da shi. Shi wanzami ne, ni ungozoma, da askarsa da hannuna muka ci abinci a hanya har Allah ya kai mu Makka. A can ne, bayan an sauko Arfa, aka zo aka ce wata baƙuwa na naƙuda kwana biyu abin ya ƙi. Yarinya ce 'yar ƙarama daga ƙasar Jawa, can gabas da nisa, haihuwar fari. Na shiga, na kori duk matan da suka cika ɗakin suna kuka, Allah ya taimaka ta sauka lafiya, ɗiya mace. Na zauna ina yi mata wankan jego irin namu, ruwan zafi safe da yamma. Da farko ihu take, daga baya ita ke nuna mani tukunya. Na koya mata ta ce mani Inna, ta kuwa riƙe.

Da lokacin komawarsu ya yi sai ta ce ba ta shiga jirgin ruwa da jaririyar in ba da ni ba. Mijinta, wanda nake kira Alhajin Jawa, ya zo ya sami maigidana da 'yar Larabcin da su biyun suka tsinta, ya ce mu raka su gida, shekara na zagayowa zai maido mu cikin jirgin alhazai. Ni na ce a'a. Maigidana ya riga ya ce to. Haka aurenmu yake tun farko.

Na sha wuya a teku, ba zan ɓoye ba. Sama da kwana ashirin ina kwance ina amai, har aka sauke mu aka kai mu gida ban ɗaga kai na ga komai ba. Da na farfaɗo sai aka ce mani ga ni a Batawi, babban birnin ƙasar, inda Nasaran da ke mulkinsu suke zaune.

Washegari da na samu ƙarfin tsayuwa na shimfiɗa tabarma, na fuskanci inda rana ke fitowa zan ta da salla. Sai na ji hannu a kafaɗata. Tsohuwar gidan ce, uwar Alhajin Jawa, wata 'yar siririya mai baƙin haƙora saboda wani ganye da take taunawa. Ta juya ni kamar ana juya tulu, har na ba gabas baya. Na kira maigidana.

"Malam, zo ka gaya wa matar nan ta cire mani hannu. Tun ba a haifi ɗanta ba nake salla."

"Gaskiyarta ce, Hajiya. Kin wuce Ka'aba. Yanzu tana yamma da ke."

"Wa ya gaya maka?"

"To da jirgi ya kwana ashirin yana tafiya, ina kika ce ya nufa? Garinku Kona?"

Na bi inda aka juya ni. Tabarmar ta zauna a wurin ba a sake ɗaga ta ba, ni ma ban sake tunanin zancen ba. In lokaci ya yi sai in hau in yi sallata. Amma tun ranar na lura tsohuwar nan na sa mani ido kamar yadda nake sa mata. Ba ta son yadda nake goya jikarta a baya da majanyi. Su a gefe suke rataya yaro cikin zane. Jaririyar kuwa in ba bayana ta ji ba, ba ta barci.

Bayan kamar kwana goma Alhajin Jawa ya ce zai kai ɗiyarsa wani tsohon masallaci kusa da bakin teku dattawa su yi mata addu'a, a kuma nuna wa baƙi gari. Maigidana tun asuba ya sa rigarsa ta Katsina, ya naɗa rawani. An ba shi labarin wata giwa ta tagulla da ke tsaye a wani wuri cikin birnin, bakinsa bai huta da zancenta ba. Da za mu fita tsohuwar ta miƙo hannu za ta karɓi jaririyar. Mai jegon ta girgiza kai ta ce, "Inna." Na goya abata. Na ga yadda tsohuwar ta tofar da abin bakinta.

A ƙofar gida aka tsayar da keken doki guda biyu, sado suke ce mashi. Ƙafa biyu gare shi, dokin kuwa da kaɗan ya ɗara jakin Mayahi. Abin da ya ba ni mamaki mazauninsa: mutum biyu a gaba suna kallon inda za a je, biyu a baya suna kallon inda aka fito, baya na jingine da baya. Masu gida suka hau na farko. Maigidana ya yi wuf ya haye gaba kusa da mai keken.

"Ni ba kaya ba ne da za a ɗauke ni da baya," in ji shi.

"Zauna abinka. Ni dama can nake so."

"Shekara talatin da aure, yau kin samu hanyar juya mani baya a bainar jama'a."

"Ka matsa gaba, za ka danne masu ɗiya."

Ina da dalilina. Mahaifina jagaban fatake ne tsakanin Tasawa da Katsina, kuma tun ina ƙarama in za mu kasuwa daga Kona, duk inda hanya ta rabu sai ya tsayar da ni ya ce in waiwaya. Ya ce hanya fuska biyu gare ta, wadda kake gani in za ka je daban take da wadda za ta tarye ka in za ka dawo. Da wannan na girma. Daga Tasawa har Makka ban taɓa ɓata ba, kuma babu wanda ya yi tafiya da ni da bai ji hakan daga bakina ba. Sai ga shi an ƙera keke kamar don ni.

Muka kama hanya, ina ajiye alamu a kaina. Gada ta gora da ke kukan ƙyas-ƙyas in an taka ta. Wani babban itace kamar cediya, saiwoyinsa na saukowa daga sama kamar gemu. A gindinsa akwai mai sayar da abinci da kwando biyu rataye a sanda, amma shi ban riƙe shi ba, mutum tashi yake. Sai wani gida na mutanen Sin mai jar ƙofa, da dabbobi biyu na dutse a zaune sun buɗe baki. Duk tsawon tafiyar hantsi na dukan idona. Na ce a raina, shi ke nan, gida yana gabas.

Sai muka ɓullo bakin wani ruwa, muka sauka. Ba gulbi ba ne, mutane ne suka haƙa shi, miƙaƙƙe kamar an ja igiya, ya ratsa tsakiyar gari. Mata na wanki a kan matakala, yara na iyo, ƙananan jirage ɗauke da itace da kayan lambu na wucewa. Ni da na tashi ina jan guga gaba talatin kafin in ga ruwan da zai jiƙa tulu, na tsaya ina kallon wata na ɗauraye zane ɗaya sau biyar. Sai da maigidana ya taɓa ni.

"Rufe bakinki, Hajiya, ƙuda."

"Duba nake in ga ko sun iya wanki."

A gefen ruwan an shimfiɗa ƙarfe biyu a ƙasa. Muna tsaye sai na ji ƙararrawa, ga wani abu na tahowa yana huci, yana jan ɗakuna uku a bayansa. Na leƙa gabansa, na leƙa ƙarƙashinsa, ba doki ba bijimi. Ƙaramin jirgin ƙasa ne mai bin tsakiyar gari, ya tsaya nan ya kwashi mutane, ya tsaya can ya zubar. Ɗaki ɗaya na Nasara ne, mu aka nuna mana namu. Da ya tashi, iska ta bugi fuskata, gidaje suka riƙa gudu da baya, wallahi zuciyata ta koma ta yarinya. Na dai daure fuska don kada maigidana ya samu abin faɗi. Shi kuwa kansa na waje, rawani na neman tashi, yana gai da duk wanda muka wuce.

Ya sauke mu a tsohon gari. Akwai wata farar ƙofa babba, mutum-mutumi biyu baƙaƙe na tsaye a jikinta dama da hagu. Kusa da ita wata ƙatuwar bindiga ta ƙarfe na kwance a ƙasa, tsawonta ya fi mutum biyu, an lulluɓe ta da furanni, ana ƙona turare. Mata na zuwa suna shafa ta, wasu har su zauna a kai. Maigidana ya tambayo, ya dawo yana dariya ya ce masu neman haihuwa ne.

"Ko za ki gwada, Hajiya?"

"Na karɓi haihuwar da ban san iyakarta ba, ban ga wadda bindiga ta bayar ba. Wuce mu tafi."

Muka ga wata doguwar hasumiya da ake hawa a hango jirage, da jiragen ruwa masu filafilai jere a bakin gaɓa kamar raƙuman ayari sun durƙusa. A masallacin dattawa suka yi wa jaririyar addu'a, uwarta ta ba ta nono ta ƙoshi, na mayar da ita baya. Maigidana ya yi ta naci a kai shi ga giwa, Alhajin Jawa ya nuna mashi sama. Hadari ya haɗu, rana ta ɓace. Ya ce sai wata rana.

A jirgin dawowa mutane sun cika maƙil. Wata tsohuwa mai kwando ta matsa mani na zauna, ta leƙa goyona ta yi murmushi, ta ba ni wani ɗan itace ja mai gashi a jiki, ta nuna mani yadda ake ɓare shi. Da jirgin ya tsaya a inda muka hau da safe, mutanenmu suka kutsa suka sauka. Na miƙe. To ni ba a rene ni in tashi daga wurin wanda ya yi mani alheri in tafi kamar akuya ba. Na juya na kama hannunta.

"Na gode, Allah ya saka. A gai da mutanen gida. A gai da yara."

Ita ma tana ta faɗin nata, ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ina cikin ce mata Allah ya sa mu gana, ƙararrawa ta kaɗa. Ashe abin nan ba ya jiran a gama sallama.

Na hango maigidana yana bin jirgin da gudu, riga ta cika da iska, takalmi ɗaya ya fita.

"Diro, Hajiya! Diro!"

Da ɗiyar mutane a bayana? Na ga mai jegon ta ɗora hannu biyu a ka. Na ga tsohuwar gidan tsaye ƙiƙam, idonta a kaina. Sai jirgin ya sha kwana, suka ɓace.

Da ya sake tsayawa na sauka. A nan ne na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Ƙarfen nan biyu na shimfiɗe a ƙasa, ko makaho ya bi su da sanda zai koma inda aka bar mutanenmu. Amma na tuna idon tsohuwar nan. Na ce ni za a tsaya ana jira a bakin hanya kamar ɓatacciyar tunkiya, a karɓe goyo a bayana a gaban jama'a? Gida na gabas. In na yanke ta cikin unguwa zan riga su isa, su tarar da ni zaune ina ɓare ɗan itacena.

Na ɗaga kai, ba rana, sama ta yi baƙi ƙirin. Ban damu ba. A ƙasarmu in rana ta ɓuya wa baƙo, masallaci yake nema, ya ga inda liman ya fuskanta, ya san gabas. Haka mahaifina ke yi, haka na yi duk rayuwata. Ga kuwa wani ɗan masallaci a tsallaken hanya, ba bango sai ginshiƙai, maza sun yi sahu suna azahar. Na dubi inda suka sa gaba, na gyara majanyi, na bi can da ƙarfina.

Tafiya ta yi daɗi da farko. Hanyoyi masu faɗi, itatuwa jere, fararen gidajen Nasara da furanni a gaba. Na faɗa wani fili da ban taɓa ganin irinsa cikin gari ba, ciyawa shar, da za a shuka gero a ciki da ya ci da unguwa guda. Ina gefensa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ruga na fake a ƙofar wani farin gida mai manyan ginshiƙai. Ina goge fuska na ɗaga ido, sai ga ta a kan wani dogon dutse a tsakar gidan. Giwar tagulla. Duk zancen da maigidana ya cika mu da shi, ba ta kai ɗan maraƙi ba. Na yi dariya ni kaɗai, na ce bari in koma in ba shi haushi.

Ruwan ya daɗe bai ɗauke ba. Da ya tsagaita na ci gaba, ina duba gadar gora, ina duba itace mai gemu. Babu. Gidaje suka fara raguwa, hanya ta koma laka, ga gonakin shinkafa cike da ruwa. Sai jaririyar ta motsa. Ta goga baki a bayana tana nema, ta yi ƙananan kuka, daga nan ta buɗe murya.

Nan dariya ta ƙare. Na san kukan yunwa, na kuma san wannan ɗiya ba mai ƙarfi ba ce, da ƙyar muka raya ta a teku. Na jijjiga, na yi mata waƙar da nake yi wa nawa, a banza. Mutane suka fara fitowa daga gidaje. Ku duba abin da suke gani: baƙar mace doguwa, da zane na tsagar Katsinawa a fuska, ba ta jin maganarsu ko kalma ɗaya, ga jaririyar ƙasarsu ɗaure a bayanta tana tsala ihu. Ni kaina da na ga haka a Tasawa da na tare matar. Wani namiji ya sha gabana yana tambaya da ƙarfi yana nuna goyon. Na ce mashi Alhaji, na ce Makka, na nuna gaba. Garin kuwa kowace unguwa da alhajinta. Sunan unguwarmu ma ban taɓa tambaya ba, don na ɗauka mai ido ba ya bukata.

Wata mai shayarwa ta matso, ta buɗe ƙirji ta miƙo hannu. Allah ya sani na so in ba ta. Amma nono zumunta yake ƙullawa, ba ni da ikon yi wa ɗiyar wani 'yan'uwa a garin da iyayenta ba su sani ba. Na ce a raina in har la'asar ta wuce ban ga hanya ba, zan ba ta, in ɗauki laifin. Na kwance bakin zanena, akwai dabinon Madina guda uku da nake ajiya. Na tauna ɗaya ya yi laushi, na sauko da ita na shafa mata a dasashi. Ta tsotsa, ta yi shiru tana ajiyar zuciya. Da suka ga yadda ta lafe a jikina, namijin nan ya sassauta murya. Amma ba su watse ba.

Sai aka kira la'asar a wani masallaci nan kusa. Na ce bari in gaya wa Allah, tunda mutane ba sa ji na. Na yi alwala a wata randa, na mayar da goyo, na tsaya can bayan sahu a waje, na fuskanci inda suka fuskanta. Ina cikin raka'a ta biyu hadarin ya tsage, rana ta fito. A fuskata ta sauka, tsakiyar idona.

Tun ina yarinya, ranar la'asar a ƙeya take dafa ni in ina salla. Ban taɓa yin la'asar ina runtse ido ba. Sai na ji kamar hannun tsohuwar nan a kafaɗata tana juya ni, na ji muryar maigidana yana cewa na wuce Ka'aba. Tun azahar yamma nake bi, ina nesanta ɗiyar mutane da nonon uwarta da ƙafafuna, ina kuma taƙama. Allah ya gafarta mani, ban san abin da na karanta a sauran sallar ba.

Ina sallamewa na hango sado a gindin wani itace, mai shi na fitowa daga masallaci. Dattijo ne mai ɗan gemu. Na nuna mashi jaririyar, na nuna ƙirjina na girgiza kai, na nuna gabas. Ya gane. Ya nuna mani mazaunin baya. Na ce a'a, na haye gaba kusa da shi, jama'a na ta dariya. Da safe da baya na ga hanya, yanzu da gaba zan gane ta.

Na sa rana a ƙeyata muka tafi. In ina son dama in daki kafaɗarsa ta dama, in hagu in miƙa hannu in daki ta hagu, kamar mai koyar da jaki. Bawan Allah bai yi fushi ba, har ya fara kaɗa linzami tun hannuna bai sauka ba. Ga giwa, na ce mata sai wata rana. Ga babban fili. Ga ƙarfen jirgi, muka bi shi har bakin ruwan nan miƙaƙƙe. Jaririyar ta gama da dabino na biyu ta koma kuka, muryarta har ta dushe. Ina ta duba tsallake, ina cewa ya Allah jar ƙofa. Sai ga dabbobin dutse biyu sun buɗe baki, daidai yadda na bar su. Na daki kafaɗar dattijon nan da ƙarfin da sai da ya ce wash. Itace mai gemu, mai abincin ya tashi kamar yadda na ce. Gadar gora ta yi kukanta a ƙarƙashinmu, ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Ƙofar gida cike take da mutane. Alhajin Jawa da 'yan'uwansa sun bazu cikin gari nema. Maigidana na zaune a kan tabarma a tsakar gida, maza huɗu sun kewaye shi, ba su taɓa shi ba amma ba su bar shi ya tashi ba. Ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Mai jegon na kan matakala, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono. Ba ta yi ihu ba. Ta taso, ta zagaya bayana, ta kwance majanyin da kanta, ta zauna a ƙasa nan inda take ta sa ɗiyarta a nono. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiyar jaririya. Na ba mai keken dabinon da ya rage, na ce mashi Madina. Ya karɓa da hannu biyu ya sa a goshi.

Maigidana ya taso ya matso kusa da ni.

"Na gaya masu ke ba ki taɓa ɓata ba. Na rantse masu da Larabcin da ban ma iya ba. Ina kika shiga?"

"Na ɓata, Malam."

Ya dube ni kamar bai ji ba.

"Masallaci na bi. Na yi yamma."

Na ga dariyar na taso mashi tun daga ciki, yana danne ta saboda mutane. Na ce ya fassara wa tsohuwar gidan duka, har da cewa da na bi ƙarfe da na dawo tun azahar, girman kai ne ya hana ni. Ya ce in bar wannan. Na ce ya faɗa. Da hannu da 'yar Larabci da taimakon wani maƙwabci aka isar mata. Ta saurara tana tauna ganyenta, ta shige ɗaki.

Da safe ban je ɗaukar jaririyar ba. Na zauna a kan tabarmata, na ce wannan goyo ya ƙare, kuma da gaskiyarsu. Can sai na ji kukanta na matsowa. Tsohuwar ce ɗauke da ita, majanyina a kafaɗarta. Ta tsaya a gabana, ta kama kafaɗuna ta juya ni kamar ranar farko. Ta ɗora mani jikarta a baya, ta ɗaure da hannunta. Ɗaurin bai yi ba, sai da na gyara. Ta tsaya ta kalli yadda na yi, ta kwance, ta sake da kanta har ya kamu.

Mun cika shekararmu a Batawi. Na hau jirgin nan ya fi a ƙirga, na koyi yin sallamata tun kafin ya tsaya. Ni na kai maigidana wurin giwa, ina gaba ina dukan kafaɗar mai keke, shi yana baya yana kallon inda aka fito. Da ya gan ta ya ce ai wannan ɗiyar ce, uwar tana cikin gida. Har ya rasu haka yake gaya wa mutanen Tasawa.

Ni dai tun daga ranar ban sake cewa ban taɓa ɓata ba. In baƙo ya tsaya ƙofar gidana yana tambayar hanyar kasuwa ko ta Kona, ba na ce mashi yi gabas ko yi yamma. Ina jawo mayafi in taka da shi har inda hanya ta rabu, in ce ya waiwaya ya duba. Jaririyar nan in tana raye yanzu ta yi jikoki, ban sani ba ko an gaya mata ta taɓa yin la'asar a bayan wata Bahausa. Ni kuwa kullum na tsaya la'asar a tsakar gidan nan, rana ta dafa mani ƙeya, sai in ji bayana ya yi mani sauƙi da yawa, in kai hannu in taɓa inda majanyi yake zama.